Sharhi: Idan Bincike Ya Shiga Kasuwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Manomin wake a Ɗambatta ko Gumel ya san buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Daga Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, kuma bai iso ƙauye ba sai da masana'anta ta ƙera shi, 'yan kasuwa suka baza. To ni ba na cikin masu cewa malamin jami'a ya guji kasuwa. Binciken da ya ƙare a kabad, gara ce kawai ke cin moriyarsa.

Sai dai akwai abin dubawa. Tun 1980 Amurka ta yi dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su ba kamfanoni lasisi. Mu ma mun bi sahu: hukumar NOTAP mai kula da samowa da bunƙasa fasaha a Najeriya ta buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'inmu, a 2021 kuma aka yi dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba a ba da takardar mallaka a kan abin da aka riga aka bayyana wa duniya. Saboda haka malami zai kame bakinsa, ya jinkirta wallafawa, wani lokaci har ɗalibinsa ya yi ta jira, sai an shigar da takardu. In an samu, shekara 20 ke nan ba mai taɓawa sai da izini. Kuma mai neman lasisi ba ya zuwa don gero. Wa zai saya? Matar da ke surfe a Ringim? Sannu a hankali sai mai bincike ya karkata inda ake biya, a bar wuta-wuta tana cin gonar talaka.

Ku dubi waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, mai jure tsutsar wake. Ƙwayar halittar da ke ba shi wannan juriya daga kamfanin Monsanto ta fito, ya bayar ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba. Madalla. Amma alfarma ce, ai da ya ƙi, sai haƙuri.

Shi ya sa nake roƙon jami'o'inmu na Kano da Dutse: duk yarjejeniyar da za ku sa wa hannu a kan iri, a rubuta ƙarara cewa ƙaramin manomi zai ajiye irinsa, ya shuka baɗi, ya ɗiba wa maƙwabcinsa ko da tiya guda ce.