Abin da ƙwayoyin gado ke shaida wa likita kan sankarar mama da ta yaɗu

Mata biyu za su iya zuwa asibiti da sankarar mama wadda ta riga ta kai ga ƙashi ko hanta, a ɗora su kan magani iri ɗaya, ƙarin ɗaya ya motse, na ɗayar kuwa ya ci gaba da girma kamar ba a taɓa shi ba. Sau da yawa dalilin yana cikin ƙwayoyin gadon ƙarin ne, shi ya sa likita ke jiran sakamakon gwajin tsokar da aka ɗebo kafin ya zaɓi magani.

Mu fara da HER2. A kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar, wannan ƙwayar gado tana ninka kanta, har bangon ƙwayoyin cutar ya cika da furotin ɗin da ke ingiza su su yi ta rabuwa. Maganin trastuzumab, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1998, wannan furotin yake kamawa, don haka masu yawan HER2 ne ke cin moriyarsa.

Ƙwayoyin gado na BRCA1 da BRCA2 kuma aikinsu gyaran DNA ne, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, kuma ana gadon lahaninsu ta wajen uwa ko uba. A ƙarin da ke da wannan lahani, maganin olaparib yana toshe wata hanyar gyaran da ƙwayar cutar ta dogara da ita, sai ɓarna ta taru a cikinta har ta mutu.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ESR1, domin galibi ba a ganin sauyinta a gwajin farko. Yakan bayyana ne bayan mara lafiya ta daɗe tana shan magungunan rage estrogen, sinadarin jikin mata da wasu ƙari ke dogara da shi wajen girma, lokacin da ƙarin ya koyi girma ba tare da sinadarin ba, maganin da ya yi aiki a baya ya daina tasiri. Ana iya gano sauyin ta gwajin jini, ta hanyar tsinto ɓurɓushin DNA da ƙarin ke zubarwa, kuma a 2023 aka amince da elacestrant domin irin waɗannan mata.

Sai dai alamar da aka gani a ƙwayoyin gado ba alkawarin waraka ba ce, yiwuwar karɓar magani kawai take nunawa. Tun da ƙarin yana sauya hali, likitoci kan sake gwaji duk lokacin da cutar ta ci gaba.