Cutar Daji, Hawan Jini da Ciwon Suga: Me Ya Sa Ake Gano Su a Makare?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. A wannan shiri za mu yi bayani a kan cutar daji, wadda wasu ke kira sankara ko kansa, tare da sauran cututtukan da ke zama a jikin mutum shekara da shekaru, irin su hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya san cewa waɗannan cututtuka ba baƙi ba ne a birnin Kano, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan da ba a ɗaukar su daga wani zuwa wani su ne sanadin kusan uku cikin kowace mutuwa huɗu a duniya.

Abin da ya haɗa su shi ne ɓarna a ɓoye. Zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da mutum cikin kwana biyu, ya tilasta masa neman magani, amma waɗannan suna aiki ne kamar gara a cikin azara, daga waje rufin ɗaki yana nan lafiya lau, daga ciki kuwa an cinye shi. Mu kuma mun saba auna lafiya da jin zafi, alhali a waɗannan cututtuka zafi shi ne alamar da ke zuwa daga ƙarshe.

Mu fara da cutar daji. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da tsarin da ke gaya mata lokacin da za ta rabu gida biyu, da lokacin da za ta mutu ta ba sabuwa wuri. Idan wannan tsari ya lalace, ko ta dalilin hayaƙin taba, ko wata ƙwayar cuta, ko guba a abinci, ko gado, ko kuma yawan shekaru kawai, sai ƙwayar ta ci gaba da hayayyafa ba tsayawa har ta tara ƙari. Ba kowane ƙari ne daji ba; da yawa suna zaune a wuri ɗaya ba su cutar da kowa. Wanda ake kira daji shi ne wanda ke cin naman da ke kusa da shi, sannan ya ɓalle ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya je ya yi sabon zama a huhu, ko hanta, ko ƙashi. Saboda haka ne likitoci ke raba cutar mataki-mataki daga 1 zuwa 4, kuma tazarar da ke tsakanin matakin farko da na ƙarshe ita ce, a yawancin lokuta, tazarar da ke tsakanin warkewa da lallaɓawa.

A shekarar 2022, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna an samu sababbin masu cutar daji kusan miliyan 20 a duniya, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu. A Najeriya kaɗai sababbin masu cutar sun haura 120,000 a wannan shekara, waɗanda suka rasu kuma sun kusa 80,000. Wannan yawan mutuwa ba wai don cutar tamu ta fi ta sauran ƙasashe muni ba ne, babban dalilinsa shi ne zuwa asibiti a makare, sai kuma tsadar magani.

Sankarar mama ita ce kan gaba a ƙasar nan, kuma ga yadda labarinta ya saba kasancewa. Mace tana wanka sai ta ji wani ɗan kullutu mai tauri a mamanta ko a hammatarta, bai wuce girman ƙwayar gurjiya ba, kuma ba ya yi mata ciwo ko kaɗan. Kunya ta hana ta faɗa wa maigida, ta faɗa wa wata ƙawarta, ƙawar ta ce ai daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, idan aka yi masa allura ko aka sa masa wuƙa sai ya fusata. Daga nan a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe wata da watanni, har fatar wurin ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki, daga baya wurin ya fashe ya zama gyambo. Sai a lokacin ne za a kai ta asibiti, idan kuma ta rasu bayan an yi mata aiki, a ce ai dama an faɗa. Gaskiyar magana ita ce ba wuƙar likita ce ta watsa cutar ba, ta riga ta watsu a cikin watannin da aka yi ana jira. Ɗan naman da likita ke tsakura da allura ya aika ɗakin gwaji shi ne kaɗai hanyar tabbatar da ko ƙari daji ne ko ba daji ba, kuma da sakamakonsa ake sanin ko tiyata za a yi, ko allurar kemo mai kashe ƙwayoyin daji, ko gashi da hasken na'ura, ko a haɗa su.

Akwai nau'o'i biyu da rigakafi ke iya tarewa tun kafin su fara. Sankarar bakin mahaifa kusan dukkanta daga wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta mai da bakin mahaifa daji, kuma tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta sanya allurar rigakafinta kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Matar da ta kai shekara 30 ya kamata ta je a duba bakin mahaifarta ko da lafiyarta ƙalau, wadda kuma ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, kada ta jira wata ya zagayo.

Na biyu shi ne dajin hanta, kuma wannan ya shafe mu sosai a Kano. Babban tushensa shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda uwa ke iya sa wa jaririnta wajen haihuwa, ana kuma ɗaukarsa ta aska ko reza ko almakashin yankan farce da aka yi wa wani amfani da su ba a tsabtace ba. Shi ya sa ake so a yi wa jariri allurar rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa, ba sai an jira ranar suna ba. Abu na biyu kuwa yana cikin rumbu da buhu: gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi har ta yi funfuna tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma idan ta haɗu da ciwon hanta a jikin mutum ɗaya haɗarin yana ninkuwa. A garin da ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun gyaɗa ke kusan kowane gida, tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a zubar ba ɓarna ba ce. Su kuma maza da suka haura shekara 50, idan fitsari ya fara tsinkewa ko yawan tashin dare, su je a duba su, domin dajin wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara shi ne ya fi kama maza a Najeriya.

Hawan jini ya fi cutar daji yawa nesa ba kusa ba. Idan awon mutum ya kai 140 bisa 90 ko sama a ranaku mabambanta, to yana da shi, ko da kuwa bai taɓa jin ciwon kai ba. Matsin da jini ke yi wa jijiyoyi yana gajiyar da zuciya, yana lalata ƙoda, wata rana kuma jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi a shago ko a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, a ce iska ce ta buge shi. Gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da ɗunƙulen miya da kanwa da yajin tsire. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha magani wata ɗaya, awo ya sauka, ya ce ya warke ya ajiye. Awon ya sauka ne saboda maganin, ranar da aka daina kuma zai koma inda yake.

Ciwon suga kuma yana faruwa ne idan jiki ya kasa samar da isasshen sinadarin insulin, wanda ke daidaita sugan da ke cikin jini, ko ya daina jin aikinsa, sai suga ya taru a jini. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba dalili su ne alamominsa, kuma awon safe kafin a ci komai idan ya kai 126 alama ce da likita zai so ya sake tabbatarwa. A hankali yake cin ido da jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ciwon ya ƙi warkewa, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafa. Mai wannan ciwo da ke son yin azumin Ramadan ya ga likitansa tun a watan Sha'aban domin a gyara masa lokutan shan magani.

Waɗannan biyu, hawan jini da suga, su ne manyan hanyoyin da ke kai mutane ga wankin ƙoda, wanda ake yi sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa 4, a kan kuɗin da ke ƙarar da dukiyar gida. Yawan shan magungunan kashe zafi da ake saye a kemis ba da izinin likita ba, musamman haɗin da 'yan aikin ƙarfi ke sha kullum saboda gajiya, yana ƙara wa ƙodar nauyi.

Awon jini da awon suga ba sa ɗaukar minti 10, kuma ana yin su a ƙananan asibitocin unguwa. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ɗaya daga cikin cututtukan nan ya fi kowa bukatar ya riƙa yin su a kai a kai, kuma duk lokacin da aka auna shi ya nemi a rubuta masa lambobin da kwanan wata a takarda ɗaya ya ajiye, domin likita ya fi gane halin da ake ciki idan ya ga jerin awon watanni a jere fiye da awon rana ɗaya.