Aiki a ƙungurmin daji: yadda ake kare kai daga sauro

Hadiza: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau batun masu kwana a daji saboda aiki za mu taɓa, irin su masu awon ƙasa da masu gadin gandun daji. Malam Audu, sai ka ga mutum ya shafa magani amma sauro bai fasa cinsa ba. Ina matsalar take?

Malam Audu: Yawanci a tufafi take, Malama. Sauro numfashin mutum yake bi, da ɗumin jiki da warin gumi, baƙaƙen kaya kuma suna ƙara jawo shi. Rigar da ba ta da kauri, gumi ya manna ta a kafaɗa, huda ta yake yi kamar babu ita. A sa kaya masu haske, masu yalwa, masu matsattsiyar saƙa, a cusa ƙafar wando cikin safa.

Bala: Sannan a fesa musu permethrin, wani maganin kashe ƙwari, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. A rataye kayan a fili, a fesa gaba da baya har su yi danshi, musamman wuya da bakin hannu da safa, a bar su su bushe sarai kafin a sa. Yakan kai wanki 6. Amma na tufafi ne, ba a shafa shi a fata. Kuma kada a yi feshin kusa da rafi, yana kashe kifi.

Hadiza: To fuska da hannuwa fa?

Bala: Maganin korar sauro na shafawa, DEET, mai kashi 20 zuwa 30 ya isa. Wanda ya haura 50 ba wani ƙarin da yake yi na a zo a gani. A zuba a tafin hannu a shafa, a kauce wa ido da baki da rauni, kada a manta da bayan kunne da ƙeya. Mai shafa man kariya daga rana ya fara da shi, maganin sauro a kai. Gumi yana wanke shi, don haka in aka ga sauro ya fara sauka, a ƙara.

Malam Audu: Bari in tare ka nan, Bala. DEET yana cin roba. Ka taɓa tabarau ko madaurin agogo ko na'urar GPS da hannun, sai ka ga wurin ya yi dishi-dishi yana danƙo. Mai riƙe da kayan aiki gara ya nemi wani maganin shafawar, picaridin, mai kashi 20, shi ba ya ɓata roba. In sauron ya yi yawa kuwa, a sa ragar fuska, a kan hula mai faɗin baki, don in ragar ta kwanta a kunci ta cikinta zai cije ka.

Hadiza: Wurin kafa tanti ma ai yana da nasa.

Malam Audu: Ƙwarai. A hau tudu inda iska take kaɗawa, a nisanci fadama da kududdufi, don sauro ba ya iya tashi sosai cikin iska mai ƙarfi. A tura gefen gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa, a haska tocila a duba ciki, kuma kada gwiwar hannu ta jingina da ragar.

Bala: Sauron maleriya daga magariba zuwa asuba yake cizo, amma mai ɗauke da zazzaɓin dengue da rana ma yana yi. Zazzaɓin maleriya kuma ba ya bayyana sai bayan kwana 7 ko fiye, wataƙila mutum ya riga ya baro dajin. Da jiki ya yi zafi a je a yi gwajin jini a ranar, a gaya wa likita inda aka kwana.