Wuni Guda a Filin Sukuwar Askot

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Wannan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da kuke gani sunanta Askot, filin sukuwa ne a ƙasar Ingila, kimanin kilomita 10 daga fadar Winsa. Sama da shekara 300 ke nan kofaton dawaki na dukan ƙasar nan. A yau za mu shiga tun da hantsi, ba za mu fito ba sai yamma ta yi.

Asalin wurin daga kilisa ne. A shekarar 1711 Sarauniya Anne ta fito daga Winsa, ta ci karo da wani fili fetal, ta ga ya dace dawaki su saki ƙafa a cikinsa. Ranar 11 ga Agusta na wannan shekara aka yi tseren farko. Dawaki bakwai suka fito, kuma ba a yi musu da sauƙi ba: zagaye uku, kowanne mil huɗu. Dokin tseren yau da za a sa shi wannan aiki, da mai shi ya kai ƙara. A 1813 majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka cewa filin zai ci gaba da zama wurin sukuwa na jama'a, shi ya sa har yau ba a yanka shi fuloti-fuloti ba.

Ana sukuwa a nan kusan duk shekara, amma babban taron shi ne na watan Yuni, kwana biyar, Talata zuwa Asabar. Mutum wajen 300,000 ke zuwa a cikin kwanakin nan. Daga tashar Waterloo ta Landan tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa, kuma tun a cikin tarago za ka gane inda aka nufa, don kowa ya ci ado.

To, maganar ado. Filin kashi-kashi ne, kowane tikiti da iyakarsa. A sashen sarauta, namiji sai da doguwar kwat mai jela da hula mai tsawo kamar tukunya, mace kuma sai da malafa ta gaske, an ma ƙayyade faɗin gindinta, kada ya gaza santimita 10. Eh, har awo ake yi. A sauran sassan an sassauta, akwai inda iyali kan zo da abincinsu su baje a kan ciyawa. Waɗannan dattawan masu koren karammiski da kuke gani masu gadin girmamawa ne, tun 1744 ake da irinsu.

Da ƙarfe biyu daidai, sai hayaniya ta canza. Kekunan doki na gidan sarauta sun shigo daga can ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar tsere, kilaye a gaba suna jan keken sarki. Sarki George na Huɗu ne ya fara wannan a 1825. Maza na cire hula, kyamarori na ta walƙiya. Mafi yawan hotunan da duniya ke gani na Askot a nan ake ɗaukar su.

Amma ni a ganina, wanda ya tsaya a kan malafa da keken sarki ya ga biki bai ga amarya ba. Ku biyo ni bayan babbar rumfar 'yan kallo, inda ake zagayawa da dawaki kafin kowane tsere.

A nan ake karatun doki. Masu kula da barga na jan su a hankali, su kuma masana sun jingina da shinge sun yi tsit. Me suke dubawa? Fata tukuna: tana sheƙi ko ta dushe. Sai tafiya: ko ƙafar baya na wuce sawun ta gaba, alamar doki mai dogon taku. Sai kunne, da ido, da gumi. Dokin da ya jiƙe sharkaf da farin kumfa a wuya tun ba a ɗora masa mahayi ba, sau da yawa ya ƙona ƙarfinsa a fargaba. Wanda ke tafe cikin natsuwa, kunnuwa a miƙe, shi ake yi wa kallo na biyu. Kuma duk dawakin nan, in ka bi salsalarsu ta wajen uba, za ta kai ka ga ingarmu uku kacal da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen gabas wajen shekara 300 da suka wuce. Jininsu aka haɗa da goɗiyoyin Ingila aka sami wannan iri mai siririyar ƙafa da faɗin ƙirji, mai nauyin kilo wajen 500, mai gudun da ya kai kilomita 60 a awa.

Ga mahaya sun fito, ƙanana, marasa jiki, kowa da rigar launin mai dokinsa. Kafin su fito an ɗora kowannensu a sikeli tare da sirdinsa, domin kowane doki da nauyin da aka yanka masa. In mahayi bai cika ba, sai a cusa dalma a aljihun shimfiɗar sirdi. Bayan tsere ma a sake auna waɗanda ke kan gaba, kuma sakamako ba ya tabbata sai an yi shelar cewa awo ya yi daidai. Ku lura da likkafarsu, gajera ce ƙwarai. Ba zama suke yi a kan doki ba, tsugunne suke a samansa, don kada nauyinsu ya riƙa dukan bayansa.

Tseren da ke buɗe taron sunan Sarauniya Anne yake ɗauke da shi, mil guda a miƙe. A cikinsa ne a 2012 wani doki mai suna Frankel, na Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ya bar na biyu da tazarar tsawon doki 11. Sau 14 ya yi tsere a rayuwarsa, ba a taɓa shan gabansa ba.

Dogayen tsere kuwa zagaye ake yi ta hannun dama, kuma filin yana da wayo. Ana gangarawa zuwa wani kwari da ake kira Swinley Bottom, daga nan sai hawa har ƙarshe. Mahayin da ya saki linzami a gangare, zai nemi ƙarfin dokinsa a tudu ya rasa. Ku saurara. Kun ji ƙararrawa? Ana kaɗa ta ne idan dawaki sun karyo kwanar ƙarshe. Daga nan ba ka jin komai sai ihu, da rugugin kofato da ke shigowa ta tafin ƙafarka.

Ranar Alhamis ake tseren kofin zinariya, wanda aka fara a 1807, wajen kilomita huɗu. Wani doki mai suna Yeats ya cinye shi sau huɗu a jere, daga 2006 zuwa 2009. A 2013 goɗiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, Estimate, ta zo ta ɗaya, karo na farko da mai riƙe da sarauta ya ci kofin. Ita da ta saba miƙa wa wasu, ranar sai ɗanta ne ya miƙa mata.

Caca ma tana nan, ba a ɓoye take ba, ga rumfunan masu karɓar kuɗi jere da allunansu. Galibi su ke komawa gida da dariya. Ranar da suka ji jiki ita ce 28 ga Satumba 1996, da mahayi Frankie Dettori ya lashe duka tsere bakwai na wunin. Mutum-mutuminsa na nan a filin.

In ka haɗa duk gudun da aka yi a wunin, bai kai rabin awa ba. Sauran duk zagaye ne tsakanin wurin duba dawaki da bakin shinge. Bayan tseren ƙarshe jama'a kan taru gaban 'yan badujala a rera tsofaffin waƙoƙi, wasu mata takalma a hannu saboda ƙafa ta gaji. A can baya kuwa ana watsa wa dawaki ruwa, ana zagayawa da su har numfashinsu ya dawo, ma'aikata kuma sun bazu a kan hanyar tsere suna mayar da ciyawar da kofato ya tona, saboda gobe da ƙarfe biyu da rabi za a sake buɗe ƙofofin tashi.