Gyara ko ƙari: yadda 'yan sa kai ke raba aiki a buɗaɗɗiyar manhaja

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, a buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ganin yadda aka rubuta ta ya kuma taimaka wajen gina ta, ɗan sa kai ba a ba shi umarni, daga nan maganar ta faro. Mutum ya taso daga aiki, ya buɗe kwamfuta da daddare, ransa ya fi karkata ga ƙirƙiro sabon abu a kan farautar kuskuren da wani ya bari tun shekaru biyar. Tunda ba dama a tilasta shi, sai manyan ayyukan manhaja suka koma sa wa ƙofar karɓar ƙari lokacin buɗewa da na rufewa.

Ku dubi Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. A kowane zagaye, mako 2 kacal ake karɓar sababbin abubuwa. Da Linus Torvalds, jagoran aikin, ya fitar da rc1, wato fitowar gwaji ta farko, shi ke nan, sai gyara zalla, kowane mako da fitowar gwaji, galibi har rc7. Wanda ya makara da ƙarinsa sai ya jira zagaye na gaba. Python ma, wani yaren rubuta manhaja, da zarar beta (sigar gwaji) ta farko ta fito, an daina ƙari a wannan sigar.

Su kansu kurakuran ba ɗaya suke ba. Ramin tsaro da abin da ke lalata bayanan mutane su ne gaba. Sai koma-baya, wato abin da jiya yana aiki yau ya tsaya, kuma a Linux ba a wasa da shi: in gyara bai samu da wuri ba, sai a janye canjin da ya jawo shi, komai kyansa. Ana gano canjin da git bisect, wani kayan aiki mai raba tarihin canje-canje biyu-biyu, ta yadda gwaji kamar 10 ya isa a kamo mai laifi cikin canji 1,000.

Ku kuma kula da yadda ake kai rahoton kuskure. Wanda ya rubuta "ba ya aiki" kawai, nasa zai daɗe a layi. Faɗi sigar da kake amfani da ita, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, ka liƙa saƙon da ya fito a allo.

Me ya sa masu kula da manhaja ke ɗari-ɗari da ƙari? Mai kawo shi yakan tafi, rainon ya koma kansu. Heartbleed, ramin tsaron da aka bankaɗo a Afrilun 2014 a OpenSSL, manhajar da ke ɓoye sirrin saƙonni a intanet, ta wani ɗan ƙari ya shigo: an manta a duba ko tsawon da saƙo ya ambata ya dace da abin da ya ɗauko, kuma ya kwashe shekara 2 a sigar da aka saki kafin a farga.