Iskar kan tudu: ta ɗaga Beamon, ta kayar da Clarke

Ranar 18 ga Oktoban 1968, a gasar Olamfik ta birnin Meziko, wani matashi Ba'amurke mai suna Bob Beamon ya taho a guje, ya taka katakon dogon tsalle, ya tashi sama. Da ya dira kan yashi, na'urar awon da aka girka ba ta kai inda ya sauka ba, sai da alƙalai suka nemo tef na hannu. Mita 8 da santimita 90. Kafin ranar, tarihin duniya mita 8.35 ne. Wato ya ƙara santimita 55 a tsalle guda, a wasan da akan shafe shekaru ana fama da santimita biyu ko uku. Da ya gane abin da ya yi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya durƙushe a ƙasa.

Kwana biyar kafin nan, a wannan filin dai, Ron Clarke na Ostireliya, mai riƙe da tarihin duniya a tseren mita 10,000, ya zo na shida. Yana tsallake layi ya zube a sume, likita ya ruga ya ɗora masa abin shaƙar oksijin a hanci.

To me ke cikin iskar garin nan, 'yan kallo?

Birnin Meziko yana kan tudu, kimanin mita 2,240 sama da matakin teku. Mutane kan ce wai oksijin ne babu a can. Akwai shi, kashi 21 cikin ɗari na iska, daidai da na Legas. Abin da ya ragu shi ne nauyin iskar kanta. A bakin teku iska a danne take, a cushe. Kana hawa sama tana sakewa, tana zama sakayau, kamar kunun da aka cika wa ruwa. Ludayin bai canza ba, amma abin da yake ɗebowa ya ragu. A Meziko, kowane numfashi yana shigo da kusan kashi uku cikin huɗu ne na abin da zai shigo da shi a bakin teku.

Mai gudun mita 100 bai damu da wannan ba. Daƙiƙa goma ce, kuma tsokarsa tana cin ajiyar da ke cikinta ne, bashin numfashin sai ya tsaya yake biya. Abokiyar gabarsa ita ce iskar da ƙirjinsa ke turewa, ita kuwa ta yi laushi. A gasar nan Jim Hines ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.95, Lee Evans ya yi mita 400 a 43.86, tarihin da ya kwashe kusan shekara ashirin ba a taɓa shi ba. Shi ya sa har yau, idan aka yi tsere a wurin da ya haura mita 1,000, akan sa harafin A kusa da lokacin, don mai karatu ya san iska ta yi rangwame. Shi ma Beamon, ban da tudun, akwai iska a bayansa mai gudun mita 2 a daƙiƙa, iyakar abin da doka ta yarda.

Masu keke ma sun gano garin. A 1972 Eddy Merckx na Beljiyam ya taso takanas zuwa Meziko, ya tuƙa kilomita 49.431 cikin awa ɗaya. Mai keke yana buƙatar oksijin sosai, amma a irin wannan gudun yawancin ƙarfinsa wajen keta iska yake tafiya, don haka ribar ta fi asarar.

Mai dogon zango kuwa, nan ake yin ta. Shi da numfashi yake gudu daga farko har ƙarshe. Zuciya ta ƙara bugu, huhu ya ƙara haki, duk da haka abin da ke isa tsoka bai kai ba. Naftali Temu na Kenya ne ya ci tseren da Clarke ya suma a cikinsa, amma lokacin da ya ɗauka ya fi na tarihin Clarke tsawo da kusan minti biyu. Mamo Wolde na Habasha ya ɗauki gudun fanfalaki, Kip Keino ya ɗauki mita 1,500. Duk 'ya'yan tsauni ne.

Jiki yana da dabararsa idan aka ba shi lokaci. Da ƙoda ta ji oksijin ya yi ƙaranci, sai ta saki wani sinadari da ake kira EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, masu dakon oksijin. Aikin yana cin makonni uku zuwa huɗu. Wannan ne ke kai 'yan tsere daga Turai da Amurka garin Iten na Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400. Ko da yake, a ganina, ana cika jingina komai ga tudu. Bekoji ta Habasha ta fitar da Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, amma ai akwai garuruwa barkatai a tsaunukan Bolibiya da Nepal da ba su fitar da ko ɗaya ba. Akwai horo, akwai koci, akwai yaron da ya taso yana ganin maƙwabcinsa ya gina gida da kuɗin gudu.

Sai ƙwallon ƙafa, inda iskar ke cin ɗan wasa ta fuska biyu. Filin Hernando Siles na La Paz, a Bolibiya, ya haura mita 3,600. Baƙo zai iya gudu na farko lafiya lau. Na biyu ne matsalar, domin numfashin ba ya dawowa da wuri. Minti ashirin da take wasa za ka ga ɗan baya ya dafa gwiwa, baki buɗe, yana kallon benci. A nan Bolibiya ta ci Brazil 2 da nema a 1993, karo na farko da Brazil ta sha kashi a wasan neman gurbin Kofin Duniya. A nan kuma, ranar 1 ga Afrilun 2009, ta lallasa Ajantina 6 da 1, Messi na cikin fili, Maradona na koci.

Ita ma ƙwallon halinta sauyawa yake. Lanƙwasar da take yi a bugun tazara, iska ce ke tura ta gefe yayin da take juyawa. Iska ta yi sakayau, lanƙwasa ta ragu, gudu ya ƙaru. Gola ya yi lissafin inda za ta sauka, sai ya ji ta wuce kansa. Bayan Ajantina ta sha kashi a Kito, babban birnin Ekwado da ke kan tudu, a 1996, kocinta Daniel Passarella ya ce a kan tudu ƙwallo ba ta lanƙwasa. An yi ta yi masa dariya, an ce uzuri ne, alhali kimiyya tana bayansa.

A 2007 FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa a filin da ya wuce mita 2,500. Bolibiya ta ce ba ta san zance ba. Shugaban ƙasar na lokacin, Evo Morales, ya hau dutsen Sajama, kusan mita 6,000, ya buga ƙwallo a kan ƙanƙara don a gani. Shekara na zagayowa FIFA ta janye dokar. Yanzu ma Bolibiya ta ƙara hawa sama, tana karɓar baƙi a El Alto, sama da mita 4,000.

Amma tudu ba laya ba ne. A Oktoban 2013 Super Eagles sun je Addis Ababa, mai tsayin sama da mita 2,300, Habasha ta fara cin su, Emmanuel Emenike ya rama biyu, aka tashi 2 da 1.

Tarihin Beamon kuwa, sai a 1991 Mike Powell ya karya shi da mita 8.95, kuma a Tokyo ya yi, dab da bakin teku. A gasar Olamfik dai, mita 8.90 ɗin nan na 1968 har yanzu ba wanda ya kamo shi.