Farantin Da Bai Tsiro Ba, Kada A Zubar Da Shi

[Hoto: faranti biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ƙasa zalla]

Wannan hoton ne ya jawo musu a WhatsApp. Ƙasar farantin farko daga gindin sabara aka ɗebo ta, ta biyun kuma daga fili. Sai jama'a suka yanke hukunci: fili ba iri a cikinsa. To, a yi haƙuri, an yi gaggawa.

[Hoto: bayan Samaru, ana haƙa]

Aikin kansa, wato gwajin gano ƙwayoyin irin da ke ɓoye a ƙasa, ba wuya. A ɗebi ƙasa daga gindin sabara ko kalgo, a ɗebi wata daga fili, zurfin kamar santimita 5. A tankaɗe, a shimfiɗa ta siririya a kan yashin da aka gasa, a riƙa ba ta ruwa. Duk abin da ya tsiro a gane shi, a rubuta, a cire. Ga faranti na uku can gefe, yashi kawai. Shi ne mai gadi: in wani abu ya fito a cikinsa, iska ce ta kawo.

Me ya sa gindin sabara ke yawan cika? Iskar hunturu ta kwaso iri ya maƙale a nan, tsuntsu ya sauka ya yi kashi, akuya ta fake a inuwa ta bar nata. Rumbu ne ba mai shi.

[Hoto: farantin fili, kusa-kusa]

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Faranti ba ya faɗa maka yawan irin da ke cikin ƙasa. Wanda ya yarda ya farka kawai yake nuna maka. Sauran barci suke, kuma kowane da abin da ke tashinsa.

Dubi ƙwayar tafasa. Ɓawonta tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi sai ya ƙuje. Bagaruwa ma haka. Wani irin kuma haske yake jira, shi ya sa idan tsiro ya tsaya ake juya ƙasar, na ƙasa ya dawo sama. Sannan a bar ta ta bushe ƙamas, a sake jiƙa ta, kamar rani ya wuce damina ta sauka. Watanni ake yi ana wannan. Mai hoton nan kuwa, ina zargin mako biyu ya yi ya gaji. Ni ma na taɓa zubar da nawa a mako na uku, bayan kwana huɗu na tarar da ciyawa ta fito a inda na zubar.

[Hoto: gonar dawa, furen wuta-wuta]

Babban mai taurin kai shi ne wuta-wuta. Irinta kamar ƙura yake, yana iya shekara 10 ko fiye a ƙasa. Ka shayar da shi har ka gaji, ba zai motsa ba sai ya ji sinadarin da saiwar dawa, gero ko masara ke fitarwa. Farantinka zai ce maka babu, manomin garin Giwa da ke fama da ita a gona ya yi maka dariya.

Don haka masu bincike kan wanke ragowar ƙasar a rariya, su duba ta da madubin ƙara girma, su ƙirga ƙwayoyin da suka ƙi tashi.

[Hoto: ƙwayoyi a kan farar takarda]

Waɗannan duka daga farantin da aka ce fanko ne.